Na jona ayyukan gini huɗu a jadawali ɗaya da Microsoft Project, ga yadda ta kaya

Sama da shekara kenan ina amfani da manhajar kwamfuta ta Microsoft Project wajen haɗa jadawalin ayyukanmu guri ɗaya, kuma tunda a sati ɗaya abokan aiki har biyu suka tambaye ni wai ya ci kuɗinsa ko kawai gayu ne, na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta da maimaita bayani a waya. Mu dai ƙaramin kamfanin gini ne a Kano, Oga shi ke nemo kwangila yana riƙe da kuɗi, ni kuma injiniyan da ke yawon sait zuwa sait, rana ta ƙare a kaina ƙura ta ƙare a kaina. Ba wani katafaren kamfani ba ne mai ofis hawa biyar, don haka duk abin da zan faɗa a kan wannan ma'aunin ne.

Lokacin da na fara muna da aiki huɗu a hannu. Gidan bene na wani Alhaji a Rijiyar Zaki, jerin shaguna 12 a hanyar Hadejia, ajujuwa uku na wata Islamiyya can wajen Wudil, sai katanga da ɗakin maigadi a wata gona ta hanyar Zariya. A takarda ayyuka huɗu ne daban-daban, kowanne da mai shi, kowanne da kuɗinsa. A zahiri kuwa mikisa ɗaya gare mu ta kwaɓa kankare, ƙungiyar kafintoci ɗaya ce muka yarda da ita wajen katakon dekin, mai ɗaurin rodi ɗaya da yaransa, a-kori-kura ɗaya mai kai kaya, sai ni ɗaya tilo. To wannan shi ne asalin ciwon kan.

Kafin nan da Excel nake yi, kowane aiki da shafinsa, ina rina akwatuna da kala su zama kamar sanduna, kuma wallahi kowane shafi idan ka kalle shi shi kaɗai lafiya lau yake, tsaf, babu abin da za ka ce ya saɓa. Ranar da na gane ruwa ya ƙare wa ɗan kada wata Talata ce, na sa zubin dekin Rijiyar Zaki da zubin linta na shaguna duk a rana ɗaya ban lura ba, don shafukan ba sa ganin juna. Ƙarfe bakwai na safe leburori kusan 20 sun hallara a gidan Alhaji, an sauke tsakuwa an sauke yashi, tankar ruwa ta zo ta juye, siminti na jibge an yaye masa leda, mikisa kuwa tana can hanyar Hadejia tana ta ruri. Alhaji ya kira ni, "Injiniya, ina injin?" Na ce "ranka ya daɗe yana hanya", alhali na san ko an gama can sai bayan azahar, sannan a nemi motar da za ta ja shi ta ratso cikin gari. Ƙarshe haya muka ɗauko mai tsada, aka fara zubi wajen sha ɗaya, aka kai dare da fitilar janareta. Laifina ne ɗari bisa ɗari, ba na kowa ba, amma a daren nan na ce dole in nemo abin da zai nuna min duka ayyukan a fuska ɗaya.

Abin da na samo shi ne Microsoft Project, wanda ke aiki da jadawalin Gantt. Ga wanda bai san wannan jadawalin ba, abu ne mai sauƙi, sunayen ayyuka a jere ta hagu, kwanaki a sama, kowane aiki da sandarsa a kwance daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Sunan wani injiniya ne ɗan Amurka, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi wajejen 1910 zuwa 1915, duk da akwai wani ɗan Poland, Karol Adamiecki, da ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa tun 1896 amma bai yi suna ba. Su da hannu suke zanawa, aiki ɗaya ya motsa sai a sake zane. Abin da manhaja ta ƙara shi ne ɗaure sandunan da juna, ka ce filasta ba za ta fara ba sai an gama wayarin da fayif, idan mai wayarin ya makara kwana uku duk abin da ke bayansa ya matsa da kansa. Shi Microsoft Project ɗin ma tsohon hannu ne, tun 1984 ya fito, kuma gaskiya tsufan yana nunawa a fuskarsa, za mu zo nan.

Yadda ake haɗa ayyuka da yawa a cikinsa shi ne ka buɗe sabon fayil wanda babu komai, ni ina kiransa uwar fayil, ka je shafin da aka rubuta Project a sama ka danna Subproject, ka zaɓo fayil-fayil ɗin ayyukanka su shigo. Kowanne zai zauna a layi ɗaya da doguwar sandarsa, in ka danna ɗan kibiyar gefensa ya baje duk ƙananan ayyukan da ke ciki, in ka sake dannawa ya naɗe. Ba kwafi ake yi ba, igiya ce tsakaninsu, abin da ka gyara a uwa yana sauka a ɗan, abin da ka gyara a ɗan uwa za ta gani idan ka buɗe ta. Wannan ɓangaren minti biyar ne, kuma ranar farko da na ga sanduna huɗun nan a jere a allo ɗaya na ji wani sanyi a raina, sai dai gaskiya a wannan matakin ado ne kawai, hoto ne mai kyau da za ka nuna wa Oga, bai hana mikisa zama guri biyu a rana ɗaya ba.

Inda aikin yake shi ne abin da suke kira Resource Pool, ni na sa masa suna rumbu. Wani fayil ne daban wanda babu aiki ko ɗaya a cikinsa, sai sunayen mutane da kayan aiki kawai: mikisa, kafintocin dekin, masu rodi, birkiloli rukuni na ɗaya da na biyu, falamba, mai wayarin, masu tayil, mota, da ni kaina. Sai ka bi kowane aiki ka ce masa daga yau daga wannan rumbun za ka riƙa ɗiban ma'aikata. Da na gama jona su huɗun na koma uwar fayil, tab, sai ga jajayen mutum-mutumi sun cika gefen allo, wato alamar an ɗora wa wani abin da ya fi ƙarfinsa. Baban kafintocinmu na sa shi a sait uku a sati ɗaya a watan gaba. Ni kaina akwai ranar da jadawali ya ce ina Wudil ina duba harsashi kuma ina Rijiyar Zaki ina karɓar rodi, duk da safe, sai ka ce aljani. Duk wannan rikicin yana nan kwance a shafukan Excel ɗina tuntuni, ranarsa ce kawai ba ta zo ba. Idan aka ce in faɗi abu ɗaya da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗin ba, to wannan jan mutumin ne, yana nuna maka karon tun saura sati uku ko huɗu, lokacin da gyaransa kiran waya ɗaya ne.

Akwai kuma ɗaure aikin wani fayil da na wani fayil. Misali katakon da muka yi dekin Rijiyar Zaki da shi, shi za mu kwance mu kai shaguna, don sayen sabon katako a kowane sait ba ƙaramin kuɗi ba ne. To ba a kwance katakon dekin sai kankare ya kama, mu muna ba shi kwana 21. A cikin uwar fayil sai na zaɓi zubin dekin can, na riƙe Ctrl na zaɓi kafa katako a shaguna, na ɗaure su, na sa jinkirin kwana 21 a tsakani. A nan akwai wata 'yar dabara da ta ɗauke ni lokaci kafin in gano, in ka rubuta 21d manhajar kwanakin aiki take ƙirgawa, ta tsallake Lahadi da ranakun hutu, sai kwana 21 ya zama kusan 25, alhali kankare bai san Lahadi ba, bushewarsa yake yi ko ana Sallah. Sai ka rubuta 21ed, wato kwanakin kalanda a jere. Idan ka buɗe fayil ɗin shaguna shi kaɗai za ka ga wancan aikin na Rijiyar Zaki ya bayyana da rubutu fari-fari kamar fatalwa, yana tuna maka cewa akwai wanda kake jira a wani guri. Ina son wannan sosai.

Yanzu bari in faɗi inda na sha wuya, kuma yawanci gaggawata ce ta jawo. Akwai maɓalli mai suna Level All wanda aikinsa shi ne ya warware duk karon nan da kansa, ya ɗage wannan ya jinkirta wancan har jajayen su ɓace. Ni da na gan shi na ce shikenan an gama, na danna. Jajaye suka ɓace kam, amma da na duba sai na ga ajujuwan Islamiyya, waɗanda aka ce mana lallai a gama kafin yara su koma makaranta, sun tafi gaba da kusan wata biyu, katangar gona kuwa da mai ita ya ce ba ya sauri ita ta samu kafintoci da wuri. Ita manhaja ba ta san waye ke sauri ba tunda ban gaya mata ba. Ashe kowane aiki yana da lambar fifiko daga 0 zuwa 1000, duk suna farawa a 500, wanda ka ba 1000 kuma ba za ta taɓa shi ba sam. Sai da na goge abin da ta yi, na ba Islamiyya 900, gidan Alhaji 700, shaguna na bar su a 500, katanga 200, na kuma canza tsarin yadda take jerawa ya zama fifiko ne a gaba, sannan abin ya fito da ma'ana. Duk da haka yanzu ba na sakar mata duka, mutum ɗaya nake zaɓa, in ce warware min na mikisa kawai, in duba, sannan in wuce na kafintoci. Wani lokacin ma da hannu nake ja, don akwai abin da na sani wanda babu gurin rubuta shi, kamar cewa wancan maigidan idan ya zo sait bai ga mutane ba kwana biyu a jere hankalinsa tashi yake ya fara kiran Oga.

Sai maganar kalanda, wadda duk wanda zai yi aiki da ita a nan dole ya zauna ya gyara tun ranar farko. Yadda take zuwa, Litinin zuwa Juma'a ne, takwas zuwa biyar, da hutun awa ɗaya da rana, irin na ma'aikacin ofis. Mu kuwa Asabar cikakkiyar ranar aiki ce, Juma'a rabi ce don daga an tafi masallaci ba kowa ke dawowa da ƙarfinsa ba, da azumi aiki da sassafe ake yi a tashi da wuri kuma ba na sa babban zubi da rana tsaka in ba dole ba. Sallah kuma, hutun gwamnati kwana biyu ne amma wa zai ga lebura kafin sati? Babbar Sallah ma wasu sai sun kwana goma a gida. Duk wannan ana iya shigar da shi, akwai gurin canza lokutan aiki da sa ranakun da ba a aiki, har ma kowane mutum kana iya yi masa kalandarsa. Ranar Sallah kam sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka ina sa kintace ne in gyara daga baya. Abin da ya ɗan ba ni haushi shi ne kalandar da ka gyara a fayil ɗaya ba ta bin ka zuwa sauran da kanta, sai ka kwafe ta ta wani guri da suke kira Organizer, in ka manta sai ka ga aiki ɗaya yana hutun Sallah ɗayan yana ta zuba kankare ranar Idi.

Damina kuma wani babi ne. Na buga jadawalin a babbar takarda na kai wa Baban kafintoci, dattijo ne da ya fi shekara 30 yana wannan sana'a, ba ya karanta boko sosai amma sanduna ai kowa na gane su. Na shimfiɗa a kan bulo na ɗora dutse a kusurwoyi saboda iska, na ce "Baba ga naku nan, wannan koren, daga nan ku wuce nan." Ya sa yatsa yana bi a hankali, ya tsaya a kan wani sati na watan Yuni ya ce "Injiniya wannan wane lokaci ne?" Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce "to ai in ruwa ya sauka a wannan satin, ni da yaran nan huɗu muna ƙauye muna shuka, sai dai kwamfutarka ta buga ƙusar." Haka na dawo na buɗe kalandarsu na toshe sati guda, na ƙara wani a lokacin noman farko, na ga yadda ya tura rufin Islamiyya, sai muka jawo aikin katakon can baya don a yi shi kafin ruwa ya sauka. Da ban kai masa takardar ba da sai ranar ta zo in yi ta kiran waya a kashe. A watan Agusta kuwa da ruwa ya fi yawa a Kano, duk aikin waje ina ƙara masa kwanaki tun a lissafi, haƙa rami musamman, don ka haƙa yau gobe ka tarar da kududdufi.

Wani abin da na ƙirƙiro wa kaina, wanda nake ganin ya fi komai amfani bayan rumbu, shi ne sa kuɗi a cikin jadawali a matsayin aiki. A gininmu na nan ba kafinta ne ya fi tsayar da aiki ba, ba ruwan sama ba, biyan kuɗi ne. Sai na riƙa sa wata alama mai kwana sifili, tana fitowa kamar ɗan daimon, in rubuta "kashi na biyu ya shigo", in ɗaure sayen rodi da siminti a bayanta. Ranar da Alhajin Rijiyar Zaki ya ce min "Injiniya kuɗin nan sai ƙarshen wata in sha Allah, amma dai aikin ba zai tsaya ba ko?" sai na buɗe laftof a kan bonet ɗin motarsa, na ja daimon ɗin gaba da kwana 18 yana kallo, ranar tarewarsa ta yi tsalle ba da kwana 18 ba, da fiye da wata, saboda a wannan tazarar kafintoci sun riga sun koma shaguna kuma sai sun gama can za su dawo. Ya yi shiru yana kallon allon, ya ce "au, wato in na makara layina wani zai hau?" Na ce "ranka ya daɗe haka abin yake." Bai ji daɗi ba a lokacin, amma bayan kwana huɗu alat ya shigo wa Oga. Da baki na sha yi wa masu gida wannan bayanin suna ɗauka wayo ne irin na 'yan kwangila.

Akwai abin da ake kira muhimmiyar hanya, wato jerin ayyukan da in ɗaya ya makara kwana ɗaya to ranar gamawa gaba ɗaya ta makara kwana ɗaya, manhajar tana iya rina su ja. Dabarar ta samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin DuPont na cikin waɗanda suka fara aiki da ita. A uwar fayil akwai tarko a nan, don yadda take zuwa tana ɗaukar duka ayyukan kamar aiki ɗaya ne babba, sai ta nuna maka jar hanya ɗaya tak, ta wanda zai gama a ƙarshe, sauran ukun su zama kamar suna da lokaci birjik, alhali kowanne da ranar da aka yi alkawari da mai shi. Sai ka shiga saituna ɓangaren jadawali ka cire alamar da ke cewa a lissafa ayyukan da aka shigo da su kamar taƙaitaccen aiki, sannan kowanne zai fito da jar hanyarsa. Na yi wata biyu ina kallon hoton da ba daidai ba kafin in gano wannan, kuma irin waɗannan ɓoyayyun saitunan suna da yawa, shi ya sa na ce tsufansa na nunawa, komai akwai amma sai ka tona. Haka sabon aiki in ka shigar, a yanayin hannu yake zuwa, ba ya motsi da kansa sai ka mayar da shi na otomatik, kuma in ka saba buga ranar farawa da hannunka a kowane layi to kana ɗaure ƙafar aikin ne ba ka sani ba, daga baya ka yi ta mamakin me ya sa ba ya jawowa baya.

Ɗaukar hoton shirin farko ma yana da kyau, kafin a fara aiki ka adana yadda aka tsara, daga baya sandar asali tana fitowa da ruwan toka a ƙarƙashin ta yanzu ka ga tazarar da ido. Har guda 11 yake iya riƙewa, ni ban taɓa wuce uku ba.

Maganar ajiyar fayil kuwa a kiyaye. Uwa tana gane 'ya'yanta ne ta adireshin inda suke zaune a kwamfuta, haka rumbu. Wata rana na ga foldar ta yi min datti na canza sunaye na kwashe wasu zuwa wata sabuwar folda, na kuma kwafi ɗaya a filash na ba yaron da ke taya ni ya gyara a gida, da na buɗe uwa washegari sai tambayata take ina wane ina wane, rumbu kuma yana ƙirga aikin shaguna sau biyu saboda kwafin ma ya jone da shi, mikisa ta koma ja ko'ina. Rabin yini na kashe ina kwancewa ina sake ɗaurawa. Tun daga nan dokata ita ce folda ɗaya, suna ɗaya, ba a taɓawa, in za a yi ajiyar kariya a kwafe foldar gaba ɗayanta a ajiye gefe kar a buɗe.

Abubuwan da ba ya yi, a san su kafin a saya. A kan kwamfutar Windows kawai yake hawa, babu na Mac, babu na waya. Wannan babban gibi ne a gurinmu tunda fomanonin sait duk waya ce a hannunsu. Abin da nake yi shi ne duk yammacin Alhamis su turo min hotuna da saƙon murya ta WhatsApp, an kai kaza, bulo ya kai linta, an gama ɗaki uku a filasta, ni kuma da daddare in zauna in shigar, in fitar da na sati biyu masu zuwa a PDF ko hoto in tura wa kowa nasa. Awa biyu zuwa uku yake cin min duk sati, kuma satin da na yi kasala ban shigar ba to jadawalin ya zama ƙarya mai kyan gani, har gara babu. Amfanin zamansa a kwamfuta kuma shi ne ba ruwansa da netwok, a gonar hanyar Zariya inda sabis ke zuwa yana tafiya ina buɗe abuna lafiya lau muddin akwai caji.

Kuɗi kuma da dala ne, nan ne ake jin jiki tun da naira ta faɗi a 2023. Na haya wanda ke ba ka damar sauke shi a kwamfuta yana kusan dala 30 duk wata ga mutum ɗaya, na saye sau ɗaya kuwa babban samfurinsa ya haura dala 1,000. Mu lasisi ɗaya muka ɗauka, nawa, tunda ni kaɗai ke taɓa jadawalin. Da na kwatanta da abin da muka kashe ranar Talatar nan kaɗai, hayar mikisa da man janareta da ƙarin kuɗin leburori na dare, Oga bai yi dogon musu ba. Masu tunanin ɗaukar na intanet ɗinsu mai suna Project Online kuma su sani Microsoft sun sanar za su rufe shi ranar 30 ga Satumba 2026, suna karkata mutane zuwa wata manhajarsu mai suna Planner, amma wannan bai shafi na kan kwamfuta da nake magana a kai ba.

Na leƙa wasu kafin in tsaya a nan. Primavera P6, wanda Oracle suka saye kamfaninsa a 2008, shi dama don ayyuka da yawa aka gina shi, duk suna zaune a ma'ajiya ɗaya ba wannan ɗaure-ɗauren fayil ba, shi manyan kamfanonin titi da na man fetur suka fi riƙewa, amma a gurinmu kamar ka sayi tirela ne don kai yara makaranta. ProjectLibre kyauta ne kuma yana buɗe fayil ɗin Microsoft Project, shi na sa wa yaron da ke taya ni yana koyo a kai. GanttProject ma kyauta ne, mai sauƙi, in aiki ɗaya gare ka ya ishe ka har ka yi kyauta. Irin su Smartsheet da Asana da monday.com sun fi kyan fuska nesa ba kusa ba, suna da na waya, kowa zai iya shiga ya sa nasa, sai dai suna son intanet kullum, ana biya ne kan kowane mutum, kuma ganin duka ayyuka a fuska ɗaya galibi sai ka hau tsari mai tsada. Da a ce fomanonina masu zama su cike abu a waya ne da na duba su da kyau, amma mutanen da saƙon murya ma sai na roƙa, ina.

To wa zan ce ya saya? In aikinka ɗaya ne ko biyu kuma kowanne da mutanensa da kayansa, kar ka wahalar da kanka, Excel ko GanttProject sun wadatar. In kuwa uku ne zuwa sama kuma suna cin tuwo a kwano ɗaya, injin ɗaya, ƙwararru ɗaya, mota ɗaya, to ya ci kuɗinsa, da sharaɗin akwai mutum ɗaya da zai zauna masa duk sati kuma ya yarda zai yi wata guda yana tuntuɓe kafin hannunsa ya faɗa. A cikin biyar ina ba shi huɗu, ɗayan na cire saboda rashin na waya da kuma ɓoye muhimman saituna a lungu.

Yanzu ayyukan sun zama biyar, an miƙa Islamiyya da katanga, wasu uku sun shigo. Mikisa har yau ɗaya ce, Oga ya ce sai bayan Sallah za a duba maganar ta biyu. Shekaranjiya ina sait sai ga Baba ya zo yana goge hannu a riga, ya ce "Injiniya ina takardata ta wannan watan, wadda ta gabata ruwa ya jiƙa ta." Na ce gobe zan bugo. Ya ce in ƙara girman rubutun, kuma koren nan nasu a bar shi kore, don ranar da na canza musu zuwa shuɗi yaransa bin sandar masu tayil suka yi.